Cibiyar da Aka Yanke Kafin Shaida

A shekara ta goma sha tara ta mulkin Wendelin na Huɗu, sarkin sarakuna na gidan Eschenwart, a tsakiyar sanyin da kogi ya daskare har keken doki na bi ta kansa, sarki ya rasu. Gidan dai ya daɗe da lalacewa. Sun yi ta auren junansu don kada ƙasa ta fita hannu, har 'ya'yansu suka daina rayuwa. 'Ya'ya biyar Wendelin ya binne. Ya bar matarsa Irmgard da tsohon ciki, ya bar ƙanensa Yarima Gotthard, wanda ko makoki bai bari an gama ba ya kewaye birni da dakaru.

A al'adar gidan, ba a kiran jariri magaji sai manya uku sun gan shi haɗe da uwarsa, cibiya ba a yanke ba: Sarkin Fada, Babban Limamin Coci, da namijin da ya fi kusa a dangin sarki. Na ukun nan kuwa Gotthard ne.

Naƙuda ta tashi da hantsi. Walburga ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar biyar ɗin nan ta kuma wanke gawarsu, ta fito neman ruwan zafi ta ci karo da Sarkin Fada Eberhard.

"Ranka ya daɗe, me nake ji? An buɗe ƙofar gari?"

"An aika wa Yarima. Ya rantse da gicciye mutum goma zai shigo da su, ya shaida, ya fita."

"Wata biyu muna cin naman doki don kada ya shigo, yau ku da kanku kuka zare masa sakata?"

"Shekara ɗari uku ba a taɓa karya wannan ba. Ke dai ki riƙe haihuwar har ya iso."

"In riƙe? Ranka ya daɗe, sau nawa ka haihu?"

Ta koma ɗaki ta leƙa taga. Mahaya na haye gada, kuma ba goma ba ne. Ƙarshen layinsu ma bai fito daga dajin ba.

Yaro ya faɗo, namiji, ya tsala kukan da ba a taɓa ji ba a gidan nan. Walburga ta sa wa ƙofa sakata, ta durƙusa gaban Irmgard.

"Ranki ya daɗe, ki ji ni da kyau. In baffansa ya gan shi a haka, yaron nan ya zama sarki, kuma ba za a bar shi ya ga narkewar ƙanƙara ba. In na yanke, ba kowa ba ne. Ba mai ɓata wuƙa a kan wanda ba kowa ba."

"Iya, kujerar kakanninsa fa?"

"Kakanninsa na kwance ƙarƙashin coci, ba wanda zai taso ya yi masa gadi."

Takun takalman ƙarfe ya cika matakala. Aka fara dukan ƙofa, Sarkin Fada na roƙo a buɗe. Irmgard ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta juya fuska bango.

"Yanke, Iya."

Walburga ta ɗaure cibiya da zare, ta yanke, ta je ta buɗe.

Gotthard ya dubi jariri a cikin zane, ya dubi almakashin da ke hannunta.

"Sarkin Fada, ka ga wani abu?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe." Tsohon yana hawaye.

"Ni ma haka. Tsohuwa, hannunki da sauri."

"Tsufa ne, Yarima. Mantuwa ta yi mini yawa."

Ya yi dariya, ya ce a fitar da ɗan nan, bai san na wane ne ba.

Abin da tarihi ya riƙe shi ne, Gotthard ya yi shekara tara bisa mulki, ya mutu ba ɗa, maƙwabta suka yayyage ƙasar tsakaninsu. Irmgard ta ƙare rayuwarta a gidan masu ibada. Har yau akwai masu cewa Walburga ta ci amanar gidan sarauta, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Yaron, Lorenz, a ƙauyen su Walburga ya tashi, ya zama mai niƙan hatsi, ya kai shekara saba'in da ɗaya.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ga mulki bai iya riƙe ko ɗa guda da rai ba. Wanda ya tsira a gidan nan, sai da aka fara ƙwace masa komai.