Bokitin da Na Zubar a Bakin Kogi

"Mai kwasar ƙazanta, Lubabatu? Duk mazan da ke Wudil?"

Inna ce ta tare ƙofar ɗakina, ni kuma ina fama da farar hular aiki.

"Inna, ba aure zan ɗaura yau ba. Aikin kwasar shara zan bayar."

"Wa kike yaudara? Wanda kika ba aikin shi kika ba zuciyarki, gari duk ya sani. Ga Hashimu ɗan mutunci, ɗan aminin babanki, kin tsaya kina kallon mai toka a gira."

Na sunkuya na ɗauki jakata. A lokacin na ji shi a zaure... taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai jan ƙasa.

Inna ba ta ji ba. Ba wanda ke ji sai ni.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka sauko, kowa ya wayi gari ɗan kwangila. Dakta Yelwa ya buɗe ƙaramin asibitin haihuwa a Sabon Gari, ya sa ni shugabar nas-nas. Sai shara ta fi ƙarfinmu: auduga mai jini, tsohon bandeji, fasassun kwalaben allura, har da mabiyiyar matan ƙauye waɗanda hanya ta yi musu nisa su tafi da ita gida su binne.

"Mutum biyu ne ke nema," in ji Dakta. "Ki gwada kowa mako biyu, wanda kika zaɓa shi ke nan."

Hashimu ya zo da sabuwar tifa da wando mai faɗin ƙafa, yana kaɗa makulli kamar shi ya ƙera motar. Isyaku ya zo da amalanke. Ɗan maginan tukwane ne, ya gina murhun yumɓu mai dogon wuya a bayan gari, ya ce duk abin da ya shiga ciki toka yake fitowa, kwalaba kuma rami mai zurfi yake kai su ya rufe.

Ina son Isyaku, ba zan ɓoye ba. Ina kuma tsoron kallon idonsa, saboda Hansai.

Hansai ƙanwata ce. Shekara bakwai kafin nan ina koyon aiki a wani ɗakin shan magani kusa da kogi. Wata ranar damina ramin shara ya cika, hadari ya taso, ƙiwa ta kama ni. Na ɗauki bokitin kwalabe na juye shi cikin ciyawar bakin ruwa, na ruga gida. Bayan kwana biyu Hansai ta je wanki ba takalmi. Isyaku ne ya kawo ta a kan jakinsa, tafin ƙafarta a tsage. Ta yi kwanaki tana ɗingishi a tsakar gida tana mana dariya, sannan haƙoranta suka sarƙe, bayanta ya sandare. Ta rasu tana kallona, ta kasa cewa komai.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar nake jin ɗingishinta, da rana tsaka, a barandar asibiti ko a bayana kan hanya.

Hashimu ya yi makonsa biyu. Kafin ƙarfe takwas tifa ta kwashe komai, wuri fes.

"Ina kake kaiwa?" na tambaye shi.

"Nesa, gimbiya. Kyakkyawa irinki ba ta tambayar inda ƙazanta ke kwana."

Isyaku ya karɓa. Kwana biyar kacal, sai magana ta cika gari: wai an gan shi yana fita da ƙananan tukwane a rufe, wai mabiyiyar mata yake sayar wa bokaye. Direban Hashimu ne ya fara faɗa a kasuwar Juma'a, kafin la'asar maganar ta kai ƙauyen Indabo. Gadajenmu suka koma wayam. Mace ta gwammace ta haihu a ɗaki ta yi ta zubar da jini, da a taɓa mata mabiyiya.

Ranar da wa'adin zaɓena ya cika, ranar da Inna ta tare min ƙofa, na isa asibiti na tarar da mata sun fi ashirin a bakin ƙofa. Wata Saudatu daga Indabo, wadda na karɓi haihuwarta kwana tara da suka wuce, ta riƙe min hannu tana kuka.

"Malama, ki ji tsoron Allah. Ina aka kai tawa? An ce ko a kife aka binne ta, na gama haihuwa ke nan, balle a ce tana hannun boka."

Inna ta biyo ni, tana gefe ta harɗe hannu. Hashimu na jingine da tifarsa.

Isyaku ya ajiye amalankensa, ya durƙusa ya gaishe da matan ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba.

"Iyayena, ku taka ku gani da idonku. Ba nisa."

Muka bi shi. A bayan murhun akwai wani fili da ya kewaye da dangar kara. Gwaggonsa Turai, tsohuwar ungozoma da ta yanke wa rabin matan nan cibiya, tana zaune a inuwa.

"Shi rami kawai yake haƙawa," ta ce. "Ni nake wankewa, in sa a sabuwar tukunya, fuskarta sama, in rufe da bisimilla. Namiji bai taɓa ko ɗaya ba."

A kan kowane wuri akwai tsingaro da aka kafa, da sunan mai ita da ajami. Saudatu ba ta karatu, Isyaku ya nuna mata nata. Ta zauna a ƙasa ta dafa wurin da tafin hannu, kukanta ya canza.

Wata tsohuwa ta juya.

"To, na makon mai tifa fa? Jikata a makonsa ta haihu."

"Suna nesa, Iya, cikin daji," in ji Hashimu.

Sai na ji takun. Nauyi, jan ƙasa... nauyi, jan ƙasa. Wannan karon a gabana yake, ya nufi gangaren kogi. Na bi shi, ban ce wa kowa ya biyo ni ba, amma suka biyo.

Sawun tayoyin tifa na nan a laka. Ƙuda ne suka fara tarbar mu. Auduga ta maƙale a ciyawa, kwalabe na ƙyalli a rana, karnuka sun yi kaca-kaca da sauran. Ƙasa kaɗan mata na wanki, ƙafafunsu tsirara.

Wurin ne. Daidai inda na juye bokitina.

"Ai ruwa zai tafi da shi," Hashimu ya ce. "Kogi ne fa, me ba ya ci?"

Tsohuwar nan ta tofar da yawu a gabansa. Ni kuwa na durƙushe a wurin, don maganar da ya faɗa ita na faɗa wa kaina shekara bakwai da suka wuce.

Isyaku ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Luba, tashi."

"Ba ka san abin da na yi ba..."

"Na sani. Ina haƙar yumɓu a can ranar da hadari ya taso. Na gan ki da bokitin."

Na ɗago na dube shi.

"Ka sani, ka yi shiru? Ka sani, kuma kana sona?"

"Na gan ki, na ce gobe zan zo in tsince. Goben ta zo ban zo ba. Ni na zare kwalbar daga ƙafar Hansai, Luba. Kina tsammani don me maginin tukunya zai koma ƙona shara? Kayan nan tare muke ɗauke da shi, masoyiyata, ke dai ba ki san da ni a ɗaya gefen ba."

Na miƙe na je gaban Inna. A gaban matan nan duka na faɗa mata, ban rage komai ba.

Ba ta mare ni ba. Da ma ta mara.

"Shekara bakwai ina tsine wa wanda ya zubar da kwalbar nan," ta ce a hankali. "Ashe a tukunyata yake ci."

Ta juya ta tafi.

Ranar na sa hannu, aikin ya zama na Isyaku. Ba wanda ya ce son kai ne. Baba da kansa ya aika wa mahaifin Hashimu cewa a bar maganar auren.

Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Na ji zafinsa fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na san na cancanta. Kullum bayan aiki ni da Isyaku muna bakin kogi da awartaki, muna tsince kwalabe. Wata yamma na ɗaga kai, sai ga Inna da tsohuwar ƙwarya. Ta sunkuya nesa da mu ta fara tsinta.

Sai da ƙwaryar ta cika ta miƙa wa Isyaku, ba ta dube ni ba.

"Ka kai raminka. Kuma ka ce wa manyanka su zo. Yarinyar nan ba ta iya ɗaukar abu ita kaɗai ba."

Bayan shekara biyu da aurenmu na haifi mace. Inna ta hana Gwaggo Turai taɓa mabiyiyar, ita ta wanke, ita ta binne, fuskarta sama. Ita ce kuma ta raɗa wa Isyaku sunan da take so.

Ranar da ƙaramar Hansai ta fara tafiya, na tsaya a tsakar gida na kasa kunne. Taku biyu ne ƙanana, daidai da juna, babu mai jan ƙasa. Na jira ɗayan ya biyo baya, bai zo ba.

Na ɗauke ta ina hawaye, na sa mata takalmi.