Salansar Jar Mota

Nasrullahi ya fara ganin Hadiyya ne ranar da ta fito daga aji da alli a hannu don ta yi masa faɗa.

Shekarar da wayar salula ta iso Dutse ce. Yana aiki a sakatariya, bai daɗe da sayen wata jar mota mai ƙofa biyu 'yar Kwatano ba. Wanda ya riƙe ta kafin shi ya yanke tukunyar salansarta ya bar bututu zalla, don haka in ta tashi, unguwa guda sai ta sani. Nasrullahi na son abinsa haka. Ranar ya tsaya jiran wani abokinsa a bakin wata firamare a Kiyawa, yana ta taka totur don nishaɗi, sai ga malamar 'yan aji huɗu a kansa, doguwa, sanye da hijabi ruwan toka.

"Malam, yara arba'in nake koyarwa, ko ni ba na jin muryata. Ka kashe ta, ko ka yi gaba."

Ya kashe. Ya ba ta haƙuri har sau uku, ya kuma zauna a nan har aka tashi. Ta wuce shi ba ta ko waiwaya ba. Washegari ya dawo, ya ajiye motar nesa ya tako da ƙafa. Sai a mako na biyu ta yarda ta karɓi lambarsa.

Daga nan saƙo ya fara kai-komo. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Mai Tsawa.

"Malamata, yau na ci gyara a ofis sau biyu saboda tunaninki. Wane hukunci za ki yanke wa ɗalibinki?"

"Mai Tsawa, hukuncinka ka zo ka gaida Baffa ranar Asabar. Ka sa manyan kaya."

Mahaifinta, Alhaji Idirisu, wanda take kira Baffa, ya bar yawon kiwo tun tana ƙarama, ya zauna a gefen Kiyawa yana noma, amma bai rabu da shanu ba. Garkensa na bayan gida. A cikinsu akwai wata farar karsana mai cikin fari, ita kaɗai ta rage daga zuriyar saniyar da mahaifiyar Hadiyya ta bari da ta rasu. Hadiyya ta sha ba Nasrullahi labarinta.

Ranar Asabar ya sha babbar riga, farin ciki ya cika shi. Da ya shigo layin gidan, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ya taka totur don Hadiyya ta san ya iso. Shanu suka zabura. Farar karsanar ta tsinke igiya, ta yi daji a guje, ta afka ramin da ake haƙar ƙasar gini. Da aka ciro ta, bayanta ya karye. Alhaji Idirisu da hannunsa ya sa mata wuƙa, Nasrullahi na tsaye cikin babbar riga, yana jiyo kukan Hadiyya daga cikin gida.

Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda ya ce masa ya zauna.

Nasrullahi ya tura kawunsa, Malam Gaji, da ban haƙuri da alkawarin wata karsanar. Alhaji Idirisu ya karɓi baƙonsa da mutunci, ya ce saniya kwananta ne ya ƙare, ba ya son ramuwa.

"Amma Malam, a layin nan akwai tsofaffi, akwai masu jego, akwai marasa lafiya. Yaron nan ya shigo bai tuna da kowa ba sai kansa. Wanda bai ji tausayin kunnen mutane ba, ban ga yadda zai ji tausayin 'yata ba."

Alhaji Idirisu ya ce wa Hadiyya ta fitar da miji kafin Babbar Sallah, kowa ta kawo zai ba shi, ban da mai jar mota. Ga kuma Tasi'u, ɗan ƙanensa mai fataucin shanu a Maigatari, mutum mai natsuwa, ya daɗe yana sonta yana jira.

Nasrullahi ya daina cin abincin kirki. A ofis sai ya zura wa bango ido har a tashi. Ya yanke shawarar sayar da motar, har ya sami mai saye, ya aika wa Hadiyya. Amsarta ta zo da yamma.

"Na gaya wa Baffa. Ya ce wato za ka miƙa ta ga wani yaron ya je ya firgita wata unguwar. Nasir, ni ban san yadda zan yi ba. Na yafe maka karsanar, amma ba zan iya saɓa masa ba."

Karo na farko ke nan da ba ta kira shi Mai Tsawa ba. Ya fasa cinikin, ya ce wallahi sai motar nan ta yi shiru a hannunsa.

Ya ɗauka aikin yini guda ne. Wani mai walda a Dutse ya ɗaura mata tukunyar tsohuwar akori-kura. Ƙarar ta ragu, amma motar ta shaƙe, ko ɗan hawa ta tarar sai ta riƙa tari, daga baya ta mace masa a hanya ya turo ta da hannu. Wani ya ce a cusa mata soson ƙarfe a bututu. Aka cusa, ya ƙone, hayaƙi ya riƙa shigowa ciki har idonsa na ruwa. Abokansa na majalisa suka sa shi gaba da tsiya, wai ya mai da doki jaki saboda mace. Ya daina zama da su.

Ya ɗauki hutu ya tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano. Duk shagon da ya shiga, da sun ga motar sai su ciro masa salansa mai ƙyalli mai faffaɗan baki, su ce wannan in ka taka har Wudil sai an ji. In ya ce shi marar ƙara yake nema, sai su dube shi kamar bai da lafiya. Ya yi ta yawo layi-layi da igiyar da ya auna kaurin bututunsa da ita, yana tona tarin ƙarafa da hannunsa. A hankali ya gane cewa guda ɗaya ba za ta wadatar ba. Sai an sa ƙarama a tsakiyar mota da babbar tukunya a baya, kuma bakinsu ya yi daidai da bututun, in ba haka ba injin ya shaƙe. Ya samo ƙaramar, da manyan tukwane uku da yake sa rai, ya loda a but ya dawo Dutse.

Sai wata matsalar ta taso. Kunnensa ya riga ya saba da ƙara, duk wadda aka ɗaura sai ya ji ta shiru. Ya je wajen yayarsa Maimuna, wadda take goyon jaririya mai saurin farkawa, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta tsala kuka. Ya durƙusa ya roƙe ta ta riƙa shiga motar da jaririyar, don su gwada ko ƙarar za ta tashe ta. Ta yi dariya, da ta ga yadda ya rame sai ta daina, ta nemi izinin mijinta, ta ɗauko mayafi.

Ta farko, yana tayarwa jaririyar ta farka. Ta biyu lafiya lau a tsaye, amma da ya hau titi ya ƙara giya sai wani gunji ya cika cikin motar, yarinya ta ƙanƙame uwarta. Kowace sai an koma gareji an kwance an ɗaura, kwana da kwanaki suna wannan zirga-zirga, Sallah na ƙara matsowa. Da aka ɗaura ta uku suka zaga garin, suka hau titin Kiyawa ya taka ta sosai. Motar ta miƙa da ƙarfinta, jaririyar na barci baki buɗe. Nasrullahi ya gangara gefen titi ya kifa kansa a sitiyari.

Bai san Bilki, ƙawar Hadiyya, ta gan su sau biyu a Dutse ba, mace a gaban mota da jariri a cinya, har ta kai wa Hadiyya labari. Ranar Alhamis da la'asar saƙo ya shigo.

"Ashe kana da iyali ka bar ni ina kuka a kanka. Allah ya raya. Na ce wa Baffa ya amsa wa Yaya Tasi'u, gobe bayan Juma'a za su zo. Kada ka sake nemana."

Ya kira, waya a kashe. Ya aika saƙo ya fi a ƙirga, babu wanda ya shiga. Ya nufi Kiyawa, ya kai rabin hanya ya tuna an hana shi ƙofar gidan, kuma in ya je shi kaɗai ba mai yarda da shi. Ya juyo gidan Maimuna, ya kasa ma yin bayani, sai wayar ya miƙa mata.

Da sassafe suka kama hanya, ita da jaririyar. Ya shiga layin a hankali, ya zagaya bayan gida. Alhaji Idirisu na sunkuye yana duba kofaton wani maraƙi, ana tatsa a gefe. Motar ta tsaya dab da garken, babu saniyar da ta ɗaga kai. Sai da aka rufe ƙofa tsohon ya waiwayo.

Maimuna ta gaishe shi, ta ce ita ce yayar Nasrullahi, uwa ɗaya uba ɗaya, ta nemi izinin shiga wajen Hadiyya. Shi kuwa Nasrullahi ya zube nan cikin kashin shanu, bai kula da farar shaddarsa ba.

"Baffa, ba ni da abin da zan ce in kare kaina. Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne. Na gyara wanda hannuna zai iya gyarawa. Don Allah kada ka ba da ita yau."

Tsohon ya dube shi. Ya ce ya tashi ya tayar da motar. Ya tayar. Alhaji Idirisu ya zagaya bayanta, ya sunkuya ya saurara, ya dubi shanunsa suna tuƙa. Sannan ya ce shi bai amsa wa kowa ba tukuna, domin 'yarsa da kuka ta kawo masa maganar jiya, kuma ba ya ɗaura aure a kan maganar mai kuka.

"Mota ta yi shiru. Saura in ga mai ita."

Hadiyya ta fito zaure da jaririyar a kafaɗa, idanunta a kumbure. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Tsoro nake kada in ce miki na gyara, ta sake kunyata ni."

"Ka rame, Mai Tsawa."

"Ke ma, Malamata."

Bayan Juma'a Tasi'u ya zo da iyayensa. Baffa bai ɓoye musu komai ba. Tasi'u ya ce ba zai auri ƙanwarsa zuciyarta na wani wuri ba. Ya fita ba tare da ya taɓa abincin da aka kawo ba, ya kuma daɗe bai sake taka gidan ba.

Sallah ta zo ta wuce ba a sa rana ba. Abin da Baffa ya yi shi ne ya ɗora wa Nasrullahi kai Goggo Iyatu, mahaifiyar shi Baffan, asibitin ido a Dutse duk mako. Tsohuwa ce mai faɗa, komai ramin hanya laifin direba ne. Ya yi ta kai ta yana dawo da ita, yana riƙe mata hannu a layin ganin likita, har damina ta faɗi. Ita ce wata rana ta kira ɗanta ta ce masa ya isa haka, yaron nan ya horu, a ba shi matarsa.

An ɗaura auren bayan kaka, a ƙofar gidan Alhaji Idirisu, Tasi'u na cikin masu raba goro. Kafin a tafi da amarya Baffa ya kira su biyun ɗakinsa. Hadiyya na lulluɓe tana sheshsheƙa, Nasrullahi na gefenta kansa a ƙasa. Tsohon ya kama hannunta ya sa a nasa, ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan, Nasrullahi. Marainiya ce, ba ta da uwar da za ta kai wa ƙara. Ka bi da ita a hankali. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku ga jikokinku."

Nasrullahi ya ƙara sunkuyar da kai. Hadiyya ce ta amsa musu su biyun daga cikin mayafi.

"Amin, Baffa."