Waƙar da Inna Ta Wanke

"Inna, don girman Allah ki bari!"

Ko waiwayowa Inna Mamunatu ba ta yi ba. Ta dulmiya takardun cikin ƙwarya tana cuɗawa, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Habsa ta zube a tsakar gida tana kuka kamar ranta zai fita.

Aikin Barkisu ne, 'yar kawunta, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Munkaila, ɗalibin mahaifin Habsa da ke neman aurenta. Ita ta raɗa wa Inna wai asirin mallaka yaron nan yake kawo wa Habsa duk Juma'a, shi ya sa take rama. Inna kuwa ko alif ba ta sani ba. A wurinta maganin rubutu a wanke a zubar a mararraba.

To wane asiri? Waƙa ce da ajami, labarin wata yarinya da ta bi ayarin goro neman ɗan'uwanta. Malam Sumana, mahaifin Habsa, ya goyo waƙar daga garin Salaga lokacin yaƙi, babu irinta duk Zangon Kumasi. Ita yake zaɓa wa matasan ɗalibansa, yana cewa ta fi musu zaman kallon jirgin ƙasa. Da ya ara wa Munkaila, sai shi kuma ya riƙa zarowa daga gafaka warƙa-warƙa yana ba Habsa.

"Wannan ta dace da ke, sanyin idona," haka yake cewa.

Da Malam ya ji, bai yi faɗa ba, kuma gara faɗan. Ya kira Munkaila zaure, ya ce wanda bai riƙe amanar takarda ba ba zai riƙe ta 'ya ba, maganar aure ta mutu, gobe ya bi masu goro zuwa Arewa.

Munkaila ya sunkuyar da kai. Bai ambaci Inna ba.

Habsa tana bayan asabari tana ji. Mace ba ta shiga zauren karatu, ta sani sarai. Sai kawai ta ɗaga murya daga inda take, ta kama waƙar daga fari.

Baiti bayan baiti, tana yi tana kuka, amma ko ɗaya bai kuɓuce mata ba. Malam ya tura wa Munkaila tawada da alƙalami da ƙafa, alamar ya rubuta, ba tare da ya dube shi ba.

Inna ta fito da hannu baƙi, ta ji labarin yarinya da ayari, ta dubi Barkisu. Barkisu ta sulale madafa.

Ana kiran la'asar Habsa ta tsaya cak.

"Ci gaba," in ji Malam.

"Nan na tsaya, Baba... bai kawo mini ta ƙarshe ba."

Munkaila ya zaro warƙa ɗaya tal daga gafaka, ya miƙa wa malaminsa hannu bibbiyu. Malam ya daɗe yana kallonta, ya share ido da bakin rawani, ya mayar masa.

"Riƙe. Ta ƙarasa a ɗakinka."