Damin Geron Aro

Ranar Litinin da hantsi alƙali ya aiko wa Sufeto Kailu cewa an yanke shafi guda daga rajistar filaye. Shekarar 1985 ce, mulkin soja, mutanen Filinge ba su gama farfaɗowa daga yunwa ba.

Shafin na gonar Delu ne, matar marigayi Magagi. Yunwa ta kore ta da 'ya'ya huɗu zuwa Yamai. Ta dawo ta tarar hukuma ta ba Lawali, ɗan kasuwar shanu, takardar gonar. Ta kai hukumar ƙara kotu, abin da ko maza suke tsoro a lokacin. Alƙali ya ce a kawo rajista, sai ga ta babu shafin. Ga damina ta ƙarato, kuma Delu ba ta da wata gona.

Kailu ya fara da Isufu, akawun da ke riƙe da makullin rajistar.

"Gara tac cinye shi, ranka shi daɗe," in ji Isufu. "Ta dame mu ƙwarai."

Kailu ya bi gindin shafin da yatsa. Sumul, kamar askin wanzami.

"Garag ga da reza taka yawo?"

Isufu ya sunkuyar da kai. Haushi ya cika Kailu, don ya san irinsu: mutum ya ci ragon wani ya ɗora wa ƙwari laifi.

A kasuwa Lawali ya tarbe shi da fara'a, ya zaro kwafin takarda daga aljihu.

"Saye niy yi, Sufeto. Tun 1982 Magagi yas saida min. Ga yatsa nai."

"Mai yatsan ya rasu."

"Allah shi jiƙan shi."

Kailu ya hau babur zuwa ƙauyen Delu. Ya same ta tana gyaran iri a faifai, irin da ba ta san inda za ta zuba shi ba.

"Ɗana, aro na," ta ce. "Da ciwo yak kada Magagi, shi yab ba Lawali aron gonar. Kowace kaka Lawali na kawo dami guda."

A ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, wanda ya ari gona yakan kai wa mai ita damin gero ɗaya duk shekara, don kowa ya san ba tasa ba ce.

"Yaushe yak kawo na ƙarshe, inna?"

"Kakar da Magagi zai rasu. Gaban maigari."

Kakar 1983 ke nan. Maigari ya tabbatar.

Kailu ya haɗa Lawali da Isufu a ofishinsa.

"Lawali, ka sayi gona a 82. Damin mi kak kai a 83?"

"Sadaka ta! Mutum na kwance, ba a taimaka mai?"

"Sadakar taka sai ka kira maigari shi shaida?"

Takarda Lawali ya iya ƙirƙira, amma damin da ya kai da rana tsaka a gaban gari ba ya yankuwa da reza.

Isufu ne ya fara karaya. "Aro anka rubuta a shafin. Shi yac ce in yanke in ƙone. Yatsan ma nawa na."

"Na ɗauka Delu ba ta komowa," in ji Lawali a hankali. "Wa ka komowa daga yunwa?"

Aka sa musu ankwa, aka wuce da su ta gaban masu sayar da goro.

Ranar Alhamis kotu ta zauna minti goma. Alƙali ya ce hukuncin hukuma ba ya soke kansa, sai an gama shari'ar Lawali, an aika takardu Yamai sun dawo. Kafin nan kada kowa ya taɓa gonar. Aka ɗage zama zuwa bayan kaka.

Delu ta tare Kailu a bakin kotu. Hadari ya haɗu a gabas.

"Ɗana, an ce ka kama su. Gobe in shibka?"

Kailu ya ji kunya ta kama shi, shi da kakinsa.

"A'a, inna."

"To mi ɗiyana za su ci?"

Damina ta yi kyau a shekarar, gonar Magagi ta cika da ciyawa har ƙugu.