Bakin Baba

Auta na zaune bakin gado da ƙaramin madubi a hannu, ta kara shi daidai fuskar mahaifinta.

"Baba, haɗa leɓɓanka. Ka ce 'ma'."

Iska kawai ta fito, sai yawu. Ta goge masa da tawul. Wata uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Ita kuwa tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karantar gyaran magana, ga shi aikin ya biyo ta har gida.

Gwaggo ta leƙo. "Ki ƙyale bawan Allah ya huta! Baƙin cikinki ne ya kayar da shi, ke da wannan mai in'inar taki!"

Auta ta ci gaba da riƙe madubin. Ta daina jin zafin magana, kamar an yi mata allurar kashe zafi. Kafinta ne saurayin nata, shekara biyu suna tare. Ranar da ya zo gaisuwa ya maƙale a kan sallama, Baba ya ce ba zai haɗa jini da mai in'ina ba. Bayan sati guda Baba ya faɗi a banɗaki. Yayanta kuma ya rantse, maganar Baba na nan daram sai in shi ya warware ta da bakinsa.

Tana zuwa lakca, ta rubuta abin da aka faɗa, ta hau mota ta dawo. Ko kuka ya ƙi zuwa.

Ran nan ta biya shagon kafintan, yana goge ƙafar kujera.

"Na gaji wallahi. Duk abin da muka yi a firaktikal na gwada, ba ci gaba."

"Ku-kuna ƙa-ƙarasa masa magana?"

"Kowa na yi. Tausayi ne."

"Ba-ba abin da ya fi shi ciwo. Ki ji-jira shi."

Ta tsaya tana kallonsa. An koya musu wannan a aji, amma yau ta ji shi.

Daga ranar ta hana kowa tsoma baki. Baba zai yi minti biyar yana kokawa da "ruwa", Gwaggo na tsaki, Auta na zaune shiru. A wata na bakwai ya haɗa kalma uku.

Wata safiya ya riƙe hannunta. "Wa... koya... miki... jira?"

Ta san amsar na iya rusa komai, amma ta faɗi gaskiya. "Kafintan nan ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Yaya ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ki... ra... shi. Na... ba... shi."

Sai a lokacin hawayen wata bakwai suka ɓalle mata, har Gwaggo ta koma rarrashi.

Haka lamarin yake: mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma kada ka raina mutum don nauyin harshensa, ba ka san ranar da naka zai yi nauyi ba.