Ranar da Aka Hana Ni Sunkuyawa

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya. Wannan ne labarina na farko.

Kwana uku da yi mini aiki a ido, ina zaune a ɗakinmu a Karaye da tsumma mai sanyi a fuska, na ji sallamar Inna Kande, mahaifiyar Sabi'u.

Na cire tsumman da sauri...

Da fatar ido a sauke aka haife ni, ta rufe rabin ganina. In zan kalli mutum sai na ɗaga haɓa. Sabi'u, malamin makaranta ɗan Zoza da ke aro mini littattafai, bai taɓa damuwa ba. Cewa yake ina kallonsa kamar sarauniya, yana dariya.

Amma ranar da na je gaishe da Inna, na durƙusa, ta miƙo mini ruwa, na ɗaga haɓa don in ga kofin. Shi ke nan. Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai kallon manya ta saman hanci ba. Rukayya, 'yar ƙanwarta da ta daɗe tana son Sabi'u, ta ƙara da cewa boko ne ya kumbura mini kai.

Da na ce zan je Kano a ɗage fatar, Sabi'u ya ce:

"Sanyin idona, in don Inna ne, ki bari. In don ke ne, ni zan raka ki."

Don ni ne. Na gaji da ciwon wuya.

Likita ta yi gargaɗi: sati guda ba kwalli, ba karatu, ba sunkuyar da kai, kada ɗinkin ya yi jini. Ko sallah a zaune nake yi.

Ga shi Inna ta shigo da kwanon man shanu. Rukayya ta ce mata kwalliyar 'yan fim na je yi, ta zo gani da idonta.

Idona a kumbure, ya yi baƙi kamar an mare ni. Na zame daga kujera. In na sunkuya, ɗinki. In ban sunkuya ba, Sabi'u.

Na fara sunkuyawa...

Sai na ji hannun Inna mai kaushi ya tare haɓata.

"Ke, ɗago. Yaron nan tun daga Zoza yake karanta mini dokokin likita, har kunnena ya gaji."

Ta daɗe tana duba ɗinkin, zare ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi Ummata ko tun ina jaririya nake haka. Umma ta ce ko allo a sama nake riƙe shi.

Inna ta goge ido da bakin mayafi.

"Ashe neman fuskata kike yi ranar nan, 'yata."

Ba ta saki haɓata ba sai da na koma kujera. Ta ce man shanun na ci ne, kar in kuskura in shafa.

Yanzu suna tsakar gida ita da Umma, suna gardamar lokacin biki, bayan kaka ko kafin azumi. Sabi'u na zaure yana tarin ƙarya don in san yana nan.

Ni dai na ja mayafina, na bi bayan rumbu a hankali zuwa ƙofar zauren. Ba wadda ta waiwayo.