Jar Mota a Kan Fako

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka buga wa Sufeto Surajo waya a ofishin 'yan sanda na Buza, aka ce mota ta kashe mace a kan fakon da ke wajen hanyar Keita. Ya ɗauka irin haɗarin da aka saba ne, na kamiyon albasa ko na ɗan babur. Sai mai wayar ya ƙara da cewa, "Shef, motag ga ban taɓa ganin irinta ba. Kwance take ga ƙasa kamar ƙadangare."

Ya ɗauki mataimakiyarsa, Birgadiye Habsa, suka kama hanya.

Surajo ɗan wani ƙauye ne kusa da Deule, ya san fakon nan tun yana yaro. A da ko tsinke ba ya fitowa a kansa, sai da matan ƙauyuka suka yi shekaru suna ɗibar duwatsu a ka, suna jera su layi-layi don su tare ruwan sama, suna dasa itace a bayansu. Yau sai ya tarar an sa katafila ta kwashe layuka da yawa, an share hanya mai zagaye. Wai filin tseren mota ne na wasu samari biyu, Shamsuddin da Imrana, 'ya'yan manyan 'yan kasuwar albasa na Madawa. Ransa ya ɓaci tun kafin ya ga gawar.

Matar da ta rasu sunanta Cima, dattijuwa ce, tana cikin waɗanda suka jera duwatsun. Kullum da safe takan ratsa fakon ta je tsintar ƙaro a itatuwan da ta dasa da hannunta. Ga ƙwaryarta can a fashe, ƙaron ya watse.

Abin da ya tsayar da Surajo shi ne yadda ya same ta. Wanda mota ta yi jifa da shi ba ya faɗuwa a kintse. Ita kuwa an kwantar da ita ta gefen dama, fuskarta na kallon gabas, an rufe ta da mayafinta.

A cikin jar ƙasar da katafila ta tayar akwai sawun ƙafa babu takalmi, ƙarama, daga inda motar ta tsaya zuwa gawar. Nan da can ɗigon jini, inda tsakuwa ta yanki mai ƙafar.

Motocin tseren biyu ne. Ja tana gefen hanya, hancinta a lotse. Mai ruwan toka tana tsaye kusa da kamiyon da ke ɗauko su daga Madawa, don ba su iya bin ramukan hanyoyin ƙasar Adar da ƙafarsu. A gindin kamiyon wani dogon mutum kakkaura yana zaune, ya dafe kai.

"Wane na kai?" in ji Surajo.

"Illa, shef. Ni ka jan kamiyon gidan su Imrana. Ni na kashe ta."

"Tun ban tambaye ka ba?"

"Gaskiya ba ta jiran tambaya. An ce in kawo motoci in sauke kahin su iso. Shaiɗan yaz zuga ni, na shiga jar. Ban gane ta ba sai da nij ji ƙara."

"Masu motocin hwa?"

"Ba su zo ba."

"Cire takalminka."

Illa ya cire. Ƙafa ce faffaɗa mai kaushi, babu ko ƙwarzane.

"Wa yak kwantar da ita gabas?"

"Wani makiyayi na yab biyo. Ban san shi ba."

Surajo ya buɗe masa ƙofar jar motar ya ce, "Shiga ka nuna mani yadda kay yi."

Da ƙyar Illa ya cusa kansa. Kujerar a matse take gaba, gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben abin da ake takawa a canza giya, hannunsa na dama yana neman sandar giya. Motar ba ta da ko ɗaya, giyarta 'yan maɓallai ne a bayan sitiyari. Gumi ya karyo masa.

"Ɗazu na iya," in ji shi. "Yanzu rikicewa ta."

Da ya fito, Habsa ta zura hannu ƙarƙashin kujera ta jawo takalman fata masu faɗi, masu ado, irin ɗinkin Tawa. Ƙanana ne, ko rabin ƙafar Illa ba za ta shige su ba.

Duk da haka dole aka sa masa ankwa. Mutum ya amsa laifi da bakinsa a gaban shaidu. In har ba a samu wanda ya yi tuƙin ba, Illa ne za a miƙa kotu, daga can sai gidan kaso. Surajo ya sha ganin talaka ya ɗauki kayan mai gidansa, kuma bai taɓa sabawa da abin ba.

Da la'asar ya aika a kira samarin. Imrana ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi a Madawa. Shamsuddin, mai jar motar, ya zo. Dogo ne siriri, yana ƙamshin turare, ya ce shi ma bai je fakon ba.

Surajo bai musa ba. Ya san mai abin alfahari ba a buɗe bakinsa da tsawa. Sai ya gyara zama ya ce, "Ni ban san motocin ga ba. Tsakanin taka da ta abokinka, wace ta hi?"

Nan take fuskar Shamsuddin ta saki.

"Yallaɓai Sufeto, wagga gardama mun daɗe muna yi nata. Ta Imrana ta Jamus ta. Tayoyi huɗu duk suna ja, ko ka yi kuskure tana ruhwa maka asiri. In mallaka kake so, ka hau yau ka hau gobe ba ka ga makanike ba, ita za ka saye. Amma tawa ta Italiya ta, don tsere anka yi ta. Tayoyin baya kaɗai ka ja, ba ta yahe kuskure. Burkinta irin na musamman na, sai ya yi zahi shike kamawa da kyau. Da sahe sai ka zagaya da ita a hankali tukuna."

"Wanda yas saba da ta Jamus hwa, in ya hau taka?"

"Sai shi taka burki inda yas saba takawa, ita kau ta..."

Surajo ya dubi takalman da ke ƙafar saurayin, wasu 'yan sirara marasa dunduniya.

"Waɗanga na tuƙi na?"

"Awo. Wurin sa ƙahwa a matse shike. Da takalmi mai hwaɗi sai ka taka burki da wuta gaba ɗaya."

"In mutum bai da irinsu?"

"Sai shi cire nashi."

Surajo ya ɗora takalman fatar a kan tebur. "Na wa na?"

"Ban san su ba."

"Jiya katahila tas sake share hilin. Yau na ga sawun motoci biyu suna gudu kahwaɗa da kahwaɗa. Illa aljani na, da za shi tuƙa mota biyu lokaci guda?"

Shamsuddin ya ce ba zai ƙara magana ba sai lauyan gidansu ya zo daga Tawa. Aka tsare shi.

Bayan an fita da shi, Habsa ta shigo ta ce wata tsohuwa ta kawo wa Illa abinci, uwarsa ce. "Ta tambaye ni ko ƙanenshi Imrana ya zo ganinshi. Nic ce wane irin ƙane, ɗan Alhaji da direba? Tac ce uwar Imrana wurin haihuwa tar rasu, ita tash shayar da shi. Ta ce Illa ka goyon shi tun yana jinjiri."

Yanzu Surajo ya gane ba tsoro ne ya sa Illa ƙarya ba, kuma irin wannan ƙaryar ta fi wuyar warwarewa.

"Mu tahi Madawa mu ɗauko shi?" in ji Habsa.

"Gidan Alhaji ƙohwa nawa gare shi? Kahin mu shiga ta gaba an hid da shi ta baya, sai Ƙonni, sai ƙetare iyaka. Bari. Wanda yaj juya ta gabas yar ruhe ta ba shi iya zama gida ana zaman makokinta."

Ranar sadakar uku Surajo ya tafi ƙauyen Cima cikin kayan gida. Ya bar Illa a motar 'yan sanda bayan masallaci, tare da ɗan sanda guda. Ya zauna a bakin tabarma, wajen da ake tuɓe takalmi. Kowa fuskokin masu zuwa yake kallo, shi ƙafafunsu yake kallo.

Rana ta take tsaka, har ya fara zargin kansa, sai ga wani saurayi gajere ya sauko daga bayan babur, ya naɗe fuska da rawani. Yana tafiya kamar mai taka garwashi. A bakin tabarma ya yi jim. Ba a hawa tabarmar makoki da takalmi, ko ɗan wane ne kai. Ya durƙusa ya zare takalmansa ƙafa-ciki da ƙyar. Tafin ƙafarsa duka biyu a naɗe suke da bandeji, sun kumbura.

Aka yi addu'a aka shafa. Surajo ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, "Imrana, sannu da zazzaɓi."

Saurayin ya daskare.

"Ƙahwar hwa?"

"Kwalba nit taka a gida."

"Da ƙahwa biyu?"

Surajo ya kama hannunsa ya kai shi ƙofar gida, inda Habsa ta fito da Nasiba, 'yar marigayiyar. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"An ce mani direba na," in ji Nasiba. "An ce ba shi na yar ruhe ta ba. Ni ba kowa nika nema da sharri ba. So nike in ga wanda yat tsaya kanta, in tambaye shi ko ta cika da kalma, ko ta bar wata magana. Ni kaɗai gare ta, kuma ban nan."

Imrana ya zube a ƙasa, rawanin ya warware.

"Ni na. Wallahi ni na, ba Illa ba."

Mutanen da ke kan tabarma suka juyo suna kallonsa.

"Gardama ta," in ji shi yana kuka. "Kullum wace ta hi, wace ta hi. Munka ce kowa shi hau ta ɗan'uwanshi a kashe magana. Shamsuddin ya ce in bari ta yi zahi, ban ji ba, so nike in wuce shi. Na hango ta. Na taka burki inda nika takawa ga tawa, ba ta tsaya ba, bayanta yaj juya. Da nih hito tana da rai. Na laƙƙana mata kalma, ta amsa. Illa yaz zo yaj janye ni, yac ce in tahi, shi ya ɗauki laihin. Ni kau na bar shi."

"Ta yi magana?" in ji Nasiba.

Imrana ya gyaɗa kai.

"Ta dubi ƙahwata tac ce, 'Ɗana, jini kake. Ina takalminka?'"

Nasiba ta rufe fuska da mayafi. "Ita ta," in ji ta. "Haka take." Ta juya ta shige gida.

Surajo ya yi shekaru yana jin masu laifi suna amsa laifinsu, bai taɓa jin ƙwalla ta cika masa ido ba sai ranar. Ya ɗaga hannu aka kawo Illa. Da Illa ya ga Imrana a ƙasa sai ya ce, "Shef, ƙarya shikai, zazzaɓi na ka sa shi..."

"Ya isa, Yaya," in ji Imrana. "Tun ina jinjiri kake goyona. Wanga kaya nawa na."

Aka kwance ankwa daga hannun Illa aka ɗaura wa Imrana. Surajo ya ce Shamsuddin ma zai amsa nasa a gaban alƙali, Illa kuma zai zo ya gyara maganarsa a ofis.

Imrana ya gwada mayar da takalmansa, ƙafar ta ƙi shiga. Tsakaninsu da mota kuwa tsakuwa ce zalla, rana ta gasa ta. Ya ɗaga ƙafa zai taka haka nan.

Illa ya sunkuya ya tuɓe nasa, tsofaffin takalman roba, ya ajiye a gabansa.

"Sa, ƙanena. Sun yi maka yawa, amma sa."

Imrana ya sa, aka wuce da shi yana jan su. Da motar ta tashi Surajo ya duba madubi. Illa yana nan tsaye a kan tsakuwar, ƙafa babu takalmi, bai ko motsa ba har suka sha kwana.